Shirina na Python ya ƙi tsayawa, kuma ban san lokacin amfani da for ko while ba

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a harkar rubuta shirin kwamfuta, kuma da waya nake koyon Python. Na gane `print`, na gane `if`, amma da na iso darasin lup sai kaina ya ɗaure. Na so in lissafa abin da mutum zai tara idan yana ajiye naira 500 kullum har kwana 30, sai na rubuta wannan:

```
jimla = 0
rana = 1
while rana <= 30:
    jimla = jimla + 500
print(jimla)
```

Da na kunna shi babu abin da ya fito, waya ta ɗauki zafi har sai da na rufe manhajar gaba ɗaya. Wani abokina ya ce in bar `while` in koma `for`, na rubuta `for rana in range(1, 30):` sai ya ba ni 14500 maimakon 15000. Don Allah ina matsalar take? Kuma ta yaya mutum zai san wanda zai ɗauka tsakanin su biyun? Allah ya ƙara ilimi."

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena, amin summa amin. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: me ya hana shirin farko tsayawa, ina naira 500 ta maƙale a na biyu, sannan da me ake zaɓe tsakanin `for` da `while`. Ka kyauta da ka turo shirin yadda ka rubuta shi, domin kura-kuran nan biyu su ne kusan duk mai koyo yake fara cin karo da su, kuma tushensu ɗaya ne. Kana kallon shirin a matsayin rubutu da ke kwance a kan allo, alhali kwamfuta tafiya take yi a cikinsa, taki bayan taki. Ranar da ka iya bin sawunta da hannunka, ranar ka iya lup.

Kwamfuta layi-layi take karanta umarni, daga sama zuwa ƙasa. Abu uku kawai ake yi da wannan tafiyar: a bar ta ta bi jeri, ko a sa ta zaɓi hanya ɗaya cikin biyu, wato `if` da ka riga ka sani, ko a mayar da ita baya ta maimaita. A 1966 wasu masana biyu 'yan Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar da cewa da waɗannan ukun kaɗai ana iya rubuta duk lissafin da kwamfuta za ta iya yi. Ka ga ke nan biyu suna hannunka, na ukun, wato maimaicin da ake kira lup, shi ne ka zo yanzu. Shi maimaicin ma ya girmi kwamfutar da muka sani: a bayanan da Ada Lovelace ta wallafa a 1843 game da injin lissafi na Charles Babbage, akwai tsarin da ke komawa baya ya sake bin matakai iri ɗaya. A harsunan rubuta shiri na farko mutane sun fi yin wannan komawar da umarnin `GOTO`, wato "tsallaka zuwa layi kaza", abin da ya riƙa sa shiri ya harɗe har mai shi ya kasa gane kansa. Edsger Dijkstra ya yi rubutu mai zafi a kan haka a 1968. `while` da `for` da kake gani yau hanyoyi ne na yin komawar cikin tsari, yadda mai karatu zai ga inda maimaicin ya fara da inda ya ƙare.

Abin da ya faru a shirin farko

Ɗauko takarda da biro, ka ja layi ka raba ta gida uku: `rana`, `jimla`, da amsar tambayar "shin `rana` ba ta wuce 30 ba?" Kafin a shiga lup, `rana` 1 ce, `jimla` 0. Kwamfuta ta duba sharaɗi: 1 bai wuce 30 ba, sai ta shiga, `jimla` ta zama 500. Ta koma sama ta sake dubawa. Nawa `rana` take yanzu? Har yanzu 1. Ta shiga, `jimla` ta zama 1000. Ta koma, `rana` 1. Kafin ka cika layi huɗu a takardar za ka ga gidan `jimla` yana ta hawa, gidan `rana` kuwa ko motsi bai yi ba. Sharaɗin tsayawa a kan `rana` ka ɗora shi, kuma babu layi ko ɗaya a cikin lup ɗin da yake taɓa ta. Kai a ranka ka san kwana yana wucewa, amma ita kwamfuta sunan `rana` ba ya nufin komai a wurinta. Da ka sa masa suna `tumatir` ma haka za ta yi.

Shi ya sa ba ka ga komai a allo ba: `print` yana ƙasan lup, kuma tafiyar ba ta taɓa isa wurinsa ba. Zafin da wayar ta yi kuwa aiki ne, ba lalacewa ba. Tana ta tara 500 a kan 500 iyakar ƙarfinta babu hutu. Python kuma ba ya sa wa cikakkiyar lamba iyaka, duk girman da `jimla` ta yi zai ci gaba da riƙe ta, don haka babu wani kuskure da zai faɗo ya katse aikin. A kwamfuta danna Ctrl da C tare yana tsayar da irin wannan shiri. A waya sai ka nemi maɓallin tsayarwa na manhajar, ko ka rufe ta kamar yadda ka yi.

Gyaran layi ɗaya ne:

```
jimla = 0
rana = 1
while rana <= 30:
    jimla = jimla + 500
    rana = rana + 1
print(jimla)
```

Ka lura da inda sabon layin ya zauna. An tura shi ciki daidai da layin da ke samansa, da tazara huɗu. A Python wannan tazarar ce take nuna abin da ke cikin lup da abin da ke waje. Idan ka rubuta `rana = rana + 1` a jikin gefe, daidai da `print`, to ka fitar da shi waje, kuma shirin zai sake maƙalewa kamar ba ka gyara komai ba. Masu rubutu da waya sun fi faɗawa wannan, domin allon rubutun waya yakan ci tazara ko ya ƙara ta ba tare da mutum ya ankara ba.

Duk `while` da za ka rubuta, ka yi wa kanka tambaya uku kafin ka kunna shi. Daga ina aka fara? Wane sharaɗi ne zai sa a ci gaba? Mene ne a cikin lup ɗin yake matsar da mu kusa da ranar da sharaɗin zai karye? Ta ukun ce aka fi mantawa, kuma ba sababbi kaɗai ba. Ranar 31 ga Disamba 2008, na'urorin sauraren waƙa na Microsoft masu suna Zune, samfurin 30GB, suka daskare wa masu su a rana ɗaya. Shirin agogon na'urar yana ƙirga kwanaki ne tun daga 1980, yana cire kwanakin shekara ɗaya bayan ɗaya da `while`, muddin abin da ya rage ya haura 365. Idan shekara mai kwana 366 ce, an rubuta cewa a cire kawai idan ragowar ta haura 366. To 2008 irin wannan shekarar ce, kuma a ranarta ta ƙarshe ragowar ta zama 366 cif: ta haura 365, don haka lup bai tsaya ba, ba ta haura 366 ba, don haka ba a cire komai ba. Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a bar batir ya ƙare, a sake caji bayan shigowar sabuwar shekara. Ciwon shirinka ne sak: ana zagayawa, abin da sharaɗi ya dogara a kai bai canza ba.

Ina naira 500 ta tafi?

`range(1, 30)` yana farawa daga 1 ya tsaya a 29. Lambar ƙarshe ba ta shiga. Zagaye 29 ka yi, kuma 29 sau 500 shi ne 14500. Ko dai ka rubuta `range(1, 31)`, ko kuma `range(30)`, wanda yake bayar da 0 zuwa 29, lambobi talatin cif.

Idan ka taɓa yin harshen rubuta shiri na BASIC a sakandare, to daga can ka ɗauko wannan sabo, domin `FOR I = 1 TO 30` yana haɗawa da 30 ɗin. Python ya bi wata hanya, kuma da dalili. Wuraren da ke cikin jeri, wato abubuwan da aka jera ƙarƙashin suna ɗaya, daga 0 ake ƙirga su, saboda haka jeri mai abu biyar wurarensa 0 zuwa 4 ne, kuma `range(5)` ya dace da su ba ragi ba ƙari. Na biyu, idan ka cire lambar farko daga ta ƙarshe kai tsaye za ka san yawan zagayen: 30 a cire 1 saura 29, da ka yi wannan ɗan lissafin da ka kama kuskuren tun kafin ka kunna. Na uku, `range(0, 10)` da `range(10, 20)` suna haɗuwa baki da baki, babu lambar da aka maimaita, babu wadda aka tsallake. Da farko abin yana yi wa mutum banbaraƙwai, amma da zarar ka fara aiki da jeri za ka ga sauƙinsa.

Ga wata alama da za ta yi maka amfani har ka tsufa a wannan sana'a. Duk lokacin da amsa ta kauce da daidai taki ɗaya, kamar yadda taka ta gaza da 500 cif, kada ka ɓata lokaci a tsakiyar lup, je ka duba bakinsa biyu, mafari da maƙura. Kuma ka riƙa gwada shiri da ƙaramar lamba wadda ka san amsarta da ka. Da ka sa kwana 3 a maimakon 30, ka ga 1000 inda kake jiran 1500, da nan take ka gane. Ka gwada da kwana 1 ma, har da kwana 0, domin a irin waɗannan wuraren kuskure yake ɓuya.

Wanne za ka ɗauka?

Idan aka aiki yaro ɗiban ruwa, ana iya ce masa "zuba guga goma a randa", ana kuma iya ce masa "yi ta zubawa har ta cika". Na farko an san adadi tun kafin a fara, shi ne `for`. Na biyu ba a san guga nawa za a ci ba, yanayin randar ne zai faɗa, shi ne `while`. Kuma idan randar tana yoyo, mai aike na biyu zai kwana a bakin rijiya, na farko kuwa ko ta cika ko ba ta cika ba, yana kai goma zai ajiye guga.

Lissafinka na kwana 30 adadinsa sananne ne, don haka abokinka ya yi gaskiya da ya ce `for` ya fi dacewa da shi. Inda ban bi shi ba shi ne cewa ka bar `while`. Juya tambayar ka gani: mutum yana ajiye naira 750 kullum, kwana nawa zai ɗauka kafin ya tara 20000? Yanzu adadin kwanakin shi ne abin da ake nema, ba ka da lambar da za ka sa wa `range`.

```
jimla = 0
kwana = 0
while jimla < 20000:
    jimla = jimla + 750
    kwana = kwana + 1
print(kwana, jimla)
```

Zai ba ka kwana 27 da naira 20250. Dubi sharaɗin da kyau, na rubuta "muddin bai kai ba", wato `<`. Da na rubuta `jimla != 20000`, wato "muddin bai zama daidai da 20000 ba", da mun koma gidan jiya, domin a kwana na 26 kuɗin 19500 ne, a na 27 kuma 20250. Ya tsallake 20000 bai taka ta ba, kuma ba zai sake dawowa ba. Wannan tarkon ya fi muni da lambobi masu ɗigo. Ka tara 0.1 sau goma a Python, abin da za ka samu 0.9999999999999999 ne, ba 1.0 ba, saboda kwamfuta da tsarin sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma 0.1 ba ta zama cif a wannan tsarin. Don haka a sharaɗin `while`, ka fi son `<` ko `>` a kan neman daidaito.

Shi kuma `for` na Python ya wuce ƙirga lamba. Ainihin aikinsa bin abubuwan da ke cikin jeri ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne lup yake nuna amfaninsa. Gaskiyar magana, lissafinka na farko bai ma buƙaci lup ba, `500 * 30` ya gama shi. Amma a zahiri wa yake ajiye kuɗi daidai wa daida kullum? Yau an samu, gobe babu.

```
ajiya = [500, 200, 0, 1000, 500, 350, 0]
jimla = 0
for kudi in ajiya:
    jimla = jimla + kudi
print(jimla)
```

Wannan zai ba ka 2550, kuma ko jerin ya kai abu dubu goma, layukan nan ba za su ƙaru ba. Babu `rana = rana + 1` da za ka manta, babu bakin da za ka kuskure, Python ya ɗauke maka. Shi ya sa shawarata a Python ita ce: duk inda `for` zai iya aikin, ba shi. Ka ajiye `while` don inda ake jiran wani abu ya faru, kamar kuɗi su kai wani adadi, ko mai amfani ya shigar da amsar da ta dace.

Akwai kuma aikin da yake tsakiyar biyun. Na'urar cire kuɗi takan ba ka dama uku ka sa lambar sirri. Iyakar sananniya ce, uku, amma idan ka dace a karon farko babu dalilin sake tambayarka. A nan sai a yi `for gwaji in range(3):` a sa `if` a ciki, idan lambar ta yi daidai a rubuta `break`, wanda yake fitar da tafiyar daga lup nan take. Za ka kuma ga masu rubuta `while True:` da gangan, su sa `break` a ciki. Ba laifi ba ne, muddin ka tabbata akwai hanyar isa ga `break` ɗin. Wasu shirye-shiryen ma ba a so su tsaya sam: wasan waya yana zagayawa ne yana duba inda ka taɓa, ya sake zana allo, har sai ka fita.

Yadda nake koyar da shi

Ni da `while` nake fara wa ɗalibai, duk da na ce `for` ya fi aminci. Dalilina shi ne `while` ba ya ɓoye komai, mafari da sharaɗi da sauyi duk kai za ka rubuta su da hannunka. Wanda ya sha wahalarsu sau biyu sau uku, idan ya zo `for` ya san abin da ake yi masa a bayan fage. Idan kuma wata rana ya koma wasu harsunan kamar C ko Java ko JavaScript ya ga `for (i = 0; i < 30; i++)`, zai gane tambayoyin nan uku ne aka jera a layi ɗaya. Akwai malamai da yawa da suke farawa da `for` don kada ɗalibi ya karaya da wuri, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Wannan zaɓin koyarwa ne, ba doka ba.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne takarda. Kafin ɗalibi ya kunna lup, sai ya zana min teburin zagaye uku na farko da na ƙarshe, ya faɗi abin da yake sa ran gani. Da yawa sukan ga kamar ɓata lokaci ne, sai sun zo layi na uku ka ga biro ya tsaya, mutum ya ɗago kai ya ce "af, ashe ba ta canzawa." Wannan ganin da ya yi da kansa ya fi bayanina na awa guda zama a kansa. Bayan takarda sai `print` a cikin lup: ka sa `print(rana, jimla)` a ƙarshen kowane zagaye, kwamfuta ta zana maka teburin da kanta. Da ka yi haka a shirinka na farko, da ka ga 1 tana ta zubowa a allo babu ƙaƙƙautawa. Akwai kuma shafin Python Tutor a intanet, kyauta ne, yana tafiya da shirinka taki-taki yana nuna maka abin da kowane suna yake riƙe da shi. Manhajojin nan masu amsa tambaya ma za su gyara maka shiri cikin daƙiƙa, amma a wannan matakin ka fara yin teburin tukuna, in ba haka ba gyararren shiri za ka samu, kai kuma kana nan inda kake.

Sauran tarkuna biyu da na san suna gabanka. Na farko, sa `jimla = 0` a cikin lup maimakon samansa: kowane zagaye zai share abin da aka tara, a ƙarshe ka ga 500 kawai. Na biyu ya fi wayo, shi ne cire abu daga jeri alhali kana cikin bin sa. Ka ce kana da maki `[70, 0, 0, 55]` kana so ka cire sifili. Idan ka bi jerin da `for` kana cirewa, za ka ƙare da `[70, 0, 55]`. Da aka cire sifilin farko, sauran suka matso gaba, na biyun ya zauna a wurin da aka riga aka wuce, sai aka tsallake shi. Python ba zai yi maka ƙorafi ba, amsar ce kawai za ta zo a karkace. Maganinsa ka buɗe sabon jeri, ka riƙa zuba waɗanda kake so a ciki.

Nan gaba kaɗan za ka haɗu da lup a cikin lup. Jadawalin sau na firamare misali ne mai kyau: na waje yana bin 1 zuwa 12, kuma a kowane takinsa na ciki yana yin nasa 12 cikakku, jimla 144. Ka riƙe cewa ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Sunaye dubu idan za ka gwada kowanne da kowanne, zagaye miliyan ne. Yadda ake rage irin wannan nauyin darasi ne mai zaman kansa, ba na yau ba.

Ka sani kuma takarda da `print` suna da iyaka. Suna kama kuskuren ƙaramin shiri, amma babu wata dabara ko manhaja da za ta duba kowane irin shiri ta faɗa maka tabbas zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Alan Turing ya tabbatar da haka tun 1936, kafin a ƙera kwamfutar zamani. Shi ya sa Python bai gargaɗe ka ba da ka kunna naka, kuma shi ya sa tambaya ta uku ta zama nauyin mai rubutu.

Ga aikin da za ka gwada a daren nan. Mutum yana da naira 5000, kuɗin motarsa na zuwa da dawowa 700 ne kullum. Rubuta shirin da zai faɗi kwana nawa kuɗin za su kai shi, da canjin da zai rage. Kafin ka taɓa waya, yanke shawara `for` ne ko `while`, ka zana teburin, ka rubuta amsar da kake sa rai a gefe. Ka kula sosai da sharaɗin, domin idan ka sa `kudi > 0` zai hau mota ranar da kuɗinsa ba su isa ba, canjin ya fito da alamar ragi. Idan ka maƙale, turo min shirin tare da hoton teburin da ka zana. Allah ya ba da sa'a.